Fiyanon Lantarki A Waƙoƙin Kirista: Laifin Na'ura Ne Ko Na Mai Taɓa Ta?

Yau ina so mu bar gida kaɗan, mu leƙa Amurka da Ingila na tsakanin 1979 da 1987, lokacin da wasu matasan mawaƙa Kiristoci suka ajiye jitar katako suka rungumi fiyanon lantarki mai ƙirƙirar sauti, wanda ake kira sintesaiza. An sha rigima a kansu. Wasu fastoci sun ce sun shigo da kiɗan Shaiɗan cikin gidan Allah, wasu masu shaguna sun ƙi sayar da faifansu, wasu tsofaffin masoyansu kuma sun juya musu baya. Na daɗe ina sauraron faya-fayen wancan zamani, kuma ga ra'ayina tun daga farko: waɗanda suka yaƙi na'urar sun yi kuskure, amma ɓarnarsu ba ta kai ta waɗanda suka karɓe ta daga baya ba, suka riƙe sautin suka zubar da maganar da aka zo da shi domin a faɗa.

Bari mu fara da yadda abin yake kafin na'urar ta iso. A ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon na 1970 an yi wata farkawar addini tsakanin matasan Amurka, musamman a jihar Kalifoniya. Samari masu dogon gashi, waɗanda da yawansu sun taɓa shaye-shaye, suka riƙa tururuwa zuwa coci, kuma cocin Calvary Chapel da ke Costa Mesa, ƙarƙashin Fasto Chuck Smith, ta buɗe musu ƙofa. A 1971 aka kafa kamfanin faifai na Maranatha! Music daga cikin wannan coci. Kiɗansu mai laushi ne: jitar katako, muryoyi masu daɗi, kalmomin godiya da ta'aziyya. Kafin ƙarshen shekarun 1970 abin ya zama kasuwa mai zaman kanta, da kamfanoninta, da gidajen rediyonta, da mujallarta mai suna CCM wadda aka fara bugawa a 1978. Mafi yawan faya-fayen a shagunan littattafan Kirista ake sayar da su. Ku riƙe wannan, domin mai shagon littafi shi ne mai gadin ƙofa. Abin da bai kwanta masa a rai ba, ba zai hau kanta ba.

A daidai lokacin, kiɗan duniya ya riga ya sauya. Bayan hayaniyar kiɗan punk, sai wani yayi ya ɓullo da ake kira New Wave: waƙoƙi gajeru, bugu mai sauri kamar na inji, murya mai sanyi wadda ba ta roƙon tausayin kowa. Ƙungiyar Kraftwerk ta Jamus ta riga ta share fage. A 1979 Gary Numan ya hau saman jadawalin waƙoƙin Birtaniya da kiɗan da na'ura ce ƙashin bayansa, sannan Human League da Depeche Mode suka biyo baya. A watan Agustan 1981 aka buɗe tashar talabijin ta MTV, wadda ta kai wannan sauti da wannan shiga cikin ɗakunan matasan Amurka. Kayan aikin ma sai ƙara sauƙi suke yi. Kamfanin Roland ya fitar da na'urar ganga ta TR-808 a 1980, LinnDrum ta fito a 1982, a 1983 kuma aka samu abubuwa biyu: tsarin MIDI da ke sa na'urori su yi magana da juna, da fiyanon Yamaha DX7 wanda kuɗinsa bai wuce kimanin dala 2,000 ba. Daga nan saurayi ɗaya a ɗakinsa zai iya haɗa abin da a da sai an tara makaɗa biyar.

Ga wanda bai san bambancin ba: fiyano na asali guduma ce ke dukan waya, jita kuma yatsa ne ke girgiza tsirkiya. Sintesaiza ba ta da waya ba ta da fata. Wutar lantarki take sarrafawa ta haifar da sauti, mai kiɗa ya lanƙwasa shi yadda ya ga dama, ya yi kama da sarewa, ko iska, ko ƙarar da kunne bai taɓa ji ba. Wannan ne ya sa mutane suka ji ta da sanyi, kamar babu rai a cikinta. To wannan sanyin shi ne mawaƙan da zan ambata suka mayar makami.

Na farko ita ce ƙungiyar Daniel Amos, wadda Terry Scott Taylor ke jagoranta. Sunan ba na mutum ɗaya ba ne, sunayen annabawa biyu ne na Tsohon Alkawari aka haɗa. 'Ya'yan Calvary Chapel ne, kuma faifansu na farko a 1976 kiɗan karkarar Amurka ne, irin na masu malafar kaboyi. Jama'ar coci sun so su a haka. Sai suka fara canzawa. Faifan Horrendous Disc da suka gama tun 1978 bai fito ba sai 1981, kuma a wannan shekarar suka saki ¡Alarma!, na farko cikin jerin faya-faye huɗu: Doppelgänger a 1983, Vox Humana a 1984, da Fearful Symmetry a 1986. Masu zuwa neman kiɗan kaboyi suka tarar da wani abu dabam, kuma da yawa ba su yafe ba.

Me suke faɗa a waɗannan faya-faye? A ¡Alarma! suna tambayar cocin Amurka ne yadda ta ƙoshi ta kwanta alhali mayunwata na leƙen ta ta taga. Doppelgänger kalmar Jamusanci ce da ke nufin wani mai kama da kai sak, inuwarka da ke yawo a madadinka. Faifan yana magana a kan mutum mai fuska biyu, da masu wa'azin talabijin da suka mayar da addu'a hanyar neman sabuwar mota. A Vox Humana ne na'ura ta karɓe ragama sosai, da sintesaiza da gangar inji, kuma batun faifan shi ne ɗan Adam a zamanin na'ura: an yi masa alkawarin cewa fasaha za ta kawo aljannar duniya, ga shi ta iso, shi kuma yana nan da kaɗaicinsa. Sunan faifan kansa habaici ne. Da Latin yana nufin muryar ɗan Adam, kuma shi ne sunan wani maɓalli a jikin tsohon ogan na coci, wanda aka ƙera domin ya kwaikwayi muryar mutum. Wato tun ɗaruruwan shekaru coci take amfani da inji yana kwaikwayon mutum, ba a ce komai ba.

Na biyu shi ne Steve Taylor, ɗan faston Baftis da ya tashi a Denver ta jihar Kolorado. Ba su da dangantaka da Terry, suna ne kawai ya zo ɗaya. A 1983 kamfanin Sparrow ya fitar masa da ɗan ƙaramin faifai mai waƙoƙi shida, I Want to Be a Clone. Waƙar da faifan ya ci sunanta zambo ce a kan yadda ake karɓar sabon tuba a coci a mayar da shi fotokwafin na gaba da shi: magana iri ɗaya, murmushi iri ɗaya, tunani kuwa a bar wa shugabanni. Ku yi tunanin a rera wannan da jitar katako da murya mai taushi. Ba zai ciji kowa ba. Amma da aka ɗora shi a kan bugu mai tsalle-tsalle kamar injin da ke buga kaya iri ɗaya a masana'anta, sai kiɗan kansa ya zama rabin zambon. Kunne yana jin abin da baki ke faɗa.

A faifansa na 1984, Meltdown, ya ƙara matsawa. Akwai waƙar da ya yi wa Jami'ar Bob Jones, makarantar Kirista a jihar Karolina ta Kudu, wadda a lokacin ta haramta soyayya tsakanin ɗalibai baƙaƙe da farare. A 1983 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da janye mata rangwamen haraji saboda wannan doka, amma makarantar ba ta soke ta ba sai a 2000. Saurayin da bai kai shekara talatin ba, yana cin abinci a kasuwar Kiristoci masu ra'ayin riƙau, ya fito ya nuna wa babbar makarantarsu yatsa a kan wariyar launin fata. Wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Mu nan mun san darajar mawaƙin da ke iya yi wa na gida habaici, mun kuma san abin da yakan biyo baya.

Ba su kaɗai ba ne a fagen. A Ingila akwai After the Fire, waɗanda suka fara da dogayen waƙoƙi masu sarƙaƙiya kafin su koma New Wave da faifan Laser Love a 1979, da Peter Banks a kan fiyano. Su ba su tsaya a kasuwar coci ba, da kamfanin CBS suka yi aiki, kuma abin mamaki sai bayan sun watse ne waƙarsu Der Kommissar, wadda asalinta ta mawaƙin Ostiriya Falco ce, ta kai lamba ta biyar a Amurka a 1983. Sheila Walsh 'yar Sikotland ta fito da Future Eyes a farkon shekarun 1980. A Kalifoniya akwai Undercover, da Crumbächer waɗanda faifansu Incandescent na 1985 kusan gaba ɗayansa na'ura ce, sai Mad at the World a 1987. Da yake rediyon Kirista bai cika sa su ba, bukukuwan kiɗa ne suka zama gidansu: Greenbelt a Ingila tun 1974, da Cornerstone a jihar Ilinoyi tun 1984.

Yanzu mu zo ga masu adawa, domin ba ƙananan mutane ba ne. David Wilkerson ya soki kiɗan rock na Kirista da kakkausar murya a littafinsa na 1985. Jimmy Swaggart, wanda a lokacin miliyoyi ke kallon wa'azinsa a talabijin, ya fitar da littafi sukutum a 1987 yana kwatanta irin wannan kiɗa da kyarkeci a fatar tunkiya. Hujjarsu ita ce akwai bugu da sautin da a karan kansu na duniya ne, ko da kalmomin da aka ɗora musu daga Littafi Mai Tsarki aka ciro su.

Tarihin coci ne da kansa ya fi kowa rushe wannan hujja. Ogan ɗin da ake gani a yau kamar da shi aka haifi ibada, wani injiniya ne a Iskandariya ta Masar, Ktesibios, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 3 kafin haihuwar Almasihu, kuma Romawa a filayen wasanninsu suke kaɗa shi. Sai wajen ƙarni na 10 ya samu gindin zama a majami'un Turai. John Calvin bai yarda da kayan kiɗa a sujada ba. A 1644 majalisar Ingila ta ba da umarnin a cire ogan daga majami'u. Da ogan ɗin lantarki na Hammond ya fito a 1935 an yi masa kallon kayan wasa, amma majami'un baƙaƙen fata na Shikago suka ɗauke shi, har ya zama muryar waƙar bishara da duniya ta sani. Shi kansa Swaggart gwanin fiyano ne, ɗan uwan Jerry Lee Lewis na kiɗan rock and roll, kuma salon da yake kaɗawa wani zamani da ya wuce zai kira shi kiɗan mashaya. Kowane zamani yakan tsarkake abin kiɗan da ya tashi ya tarar, ya la'anci wanda 'ya'yansa suka kawo. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, ko mai gida ya so ko bai so ba.

Amma adalci ya sa in faɗi inda masu adawar suke da gaskiya. Tsoronsu na cewa mawaƙi zai zama tauraro, taron ibada ya koma kallon wasa, ba tsoron banza ba ne. Akwai kuma batun abinci. Ba a coci kaɗai aka ji tsoron na'urar ba: a 1982 reshen Landan na ƙungiyar makaɗan Birtaniya ya nemi a taƙaita amfani da sintesaiza, domin mutum ɗaya da akwatinsa na iya kore makaɗa goma daga aiki. Sannan waƙar da jama'a ke rerawa tare da baki ɗaya tana da wani abu da faifai ba zai taɓa bayarwa ba. Duk wannan na yarda. Inda na rabu da su shi ne, sun ga hatsari na gaske amma sun ɗora shi a kan akwatin roba da waya, suka bar ainihin inda yake.

Ina yake? A kasuwa. Ku duba abin da ya faru da ƙura ta lafa. Kafin tsakiyar shekarun 1980 sintesaiza ta daina zama abin tsoro. Manyan taurarin kasuwar sun ɗauke ta: ƙungiyar Petra a Beat the System, Amy Grant a Unguarded na 1985, Michael W. Smith a The Big Picture na 1986. Ba ina cewa waɗannan ba su iya ba, sun iya ƙwarai. Amma bayansu sai ga ɗimbin faya-faye masu sauti iri ɗaya. DX7 tana da wuyar sarrafawa, don haka yawancin makaɗa sautukan nan 32 da kamfani ya zuba mata suke dannawa, musamman na fiyanon nan mai ƙara kamar ƙararrawa da duk wanda ya saurari waƙoƙin soyayya na lokacin ya sani. Har aka riƙa raba wa matasan coci wani jadawali: in kana son mawaƙin duniya wane, to ga na Kirista mai kama da shi. A nan fa abin ya zama abin dariya mai ɗaci. Steve Taylor ya ɗauki na'ura ya yi wa fotokwafi zambo, kasuwa ta ɗauki na'urar ta buɗe shagon fotokwafi. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara.

Su kuma masu cizon, me ya same su? A 1987 Taylor ya fitar da I Predict 1990, wanda a cikinsa akwai waƙar da ya yi da bakin wani mahaukacin da ke tayar da bam a asibitin zubar da ciki, domin ya nuna wautar mai kisa da sunan kare rai. Wasu ba su gane zambo ba ne, suka ɗauka goyon baya yake yi, wasu shaguna suka sauke faifan daga kanta. Ba da daɗewa ba ya bar kasuwar na ɗan lokaci ya kafa ƙungiyar Chagall Guevara, daga baya ya koma shirya wa wasu faifai. Daniel Amos sun ci gaba da aiki shekaru da dama, da masoya kaɗan masu amana, ba tare da sun zama taurarin rediyo ba. A 1992 kamfanin EMI ya sayi Sparrow, alamar cewa harkar ta zama babban jari. Ba wanda ya hana sintesaiza. Abin da aka rage wa wuri shi ne waƙar da ke sa mai sauraro ya ji kunyar kansa.

Shi ya sa nake cewa tambayar halasci ko haramcin na'ura ta ɓata wa mutane lokaci. Tambayar da ta dace ita ce: me wannan sauti zai iya faɗa wanda na da bai iya ba, kuma shin mai taɓa shi yana da abin faɗar? Abin kiɗa ba waliyyi ba ne ba kuma shaiɗani ba ne, amma kowanne da halinsa. Jitar katako ta iya lallashi. Sintesaiza ta farkon shekarun 1980 ta iya nuna sanyi, da maimaici, da rayuwar da ta zama inji. Waɗanda suka gane haka sun yi amfani da ita suka riƙe wa al'ummarsu madubi, kuma faya-fayensu har yau suna da rai ko da sautin ya tsufa. Waɗanda suka ɗauke ta don kawai ita ake yayi, yau in ka saurare su shekarar da aka yi su kaɗai za ka ji. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba, amma kasuwar da ke rayuwa a kan kada a ɓata wa mai saye rai ba ta iya bambance su.

Kada ku ce labarin nesa ne. Jikokin waccan DX7 su ne fiyanon Yamaha da ke gaban majami'u a Kaduna da Jos, su ne kuma suka cika situdiyoyin Kano har muka samu abin da muke kira waƙoƙin fiyano. Mu ma mun yi namu musun: ko fiyano ya dace da waƙar addini, ko ya kashe wa masu kalangu da kuntigi da goge kasuwa. Musun yana da amfani, ban raina shi ba. Amma ina ganin mun tsaya inda Amurkawa suka tsaya, muna ta faɗa a kan akwatin. Yaro mai basira zai shiga situdiyo, a danna masa bugun da aka danna wa mutum ashirin kafin shi, a gyara masa murya da kwamfuta har ta yi kama da ta kowa, ya fito da waƙar da ba ta taɓa kowa ba, ba ta kuma ɓata wa kowa rai ba. Ba wanda zai tsine masa. Ba kuma wanda zai tuna da shi bayan damina biyu.

Ga masu kiɗa a cikinmu, ko a coci kuke ko a situdiyo, shawarata ita ce ku nemi Vox Humana da Meltdown ku saurara, ko da salon bai yi muku ba. Ku lura da yadda sauti da magana suke tafiya hanya ɗaya. Sannan gobe, kafin ku danna sautin da kuka saba dannawa, ku tambayi kanku abin da kuke son mai sauraro ya ji a jikinsa, da kuma ko akwai wata gaskiya game da gidanku da ba wanda ya rera tukuna.

Na san a cikinmu akwai masu ganin na yi wa su Swaggart sassauci, akwai kuma masu ganin na yi wa taurarin kasuwa tsanani. Ku faɗi naku, musamman ku da kuke taɓa fiyano da hannunku. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.